Sunan da Na Faɗa Sau Ɗaya

Ina aikin gadi a wani dogon bene a West Bay cikin birnin Doha, ina kwana a Sanaiya, unguwar leburori, lokacin da matata ta haihu a Funtuwa. Kamfani ya kwaso mu ne saboda shirin gasar kofin duniya, sai annobar korona ta riga gasar isowa. Aka rufe unguwarmu, ba shiga ba fita, jirage kuma suka tsaya cik. Mu shida ne a ɗaki, kowa ya duƙufa a kan wayarsa daga safe har yamma.

Mace aka samu, 'yar fari. Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina, sai kuma murnar ta juye ta zama haushi. Shekara huɗu muna jiran haihuwar nan, ga shi za a raɗa suna ina nan zaune a kan gadon ƙarfe. Ni kuwa mutum ne mai kafiya, na san halina. Na kira Baffa, ƙanen mahaifina, na ce kada a yi suna sai na dawo.

"Yaushe za ka dawo?" in ji Baffa.

"Sai an buɗe hanya, Baffa."

"To, kafin nan da me za a kira ta? Yaro, ranar bakwai ake suna. Ka faɗa mini sunan in yi mata huɗuba, a yanka rago, shi ke nan."

Na yi tsalle na dire, na ce ni ne uba, ni zan faɗa mata sunanta a kunne da bakina. Baffa ya ce Allah ya shirye ni, ya kashe waya.

A gadon da ke ƙasan nawa akwai wani mutumin Ruwanda, dogo, marar hayaniya. Kafin ya zo Doha, aikinsa bin sawun gwaggon biri ne a duwatsun ƙasarsu. Kullum da safe sai ya hau dutse ya nemo inda garken ya kwana, ya duba lafiyar kowa. Ya taɓa nuna mini bidiyon bikin da suke yi duk shekara: jama'a cike da fili, ana kiɗa, ana raɗa wa jariran birin suna ɗaya bayan ɗaya. Ranar na yi dariya har da hawaye. Na tambaye shi ko ana kiran wanzami ya yi musu aski, ko uwar biri tana wankan jego. Tun daga nan nake kiransa makiyayin birai, shi kuma bai taɓa jin haushi ba.

Ranar kwana shida da haihuwa, bayan la'asar, muna zaune a inuwar bango muna shan shayi, ya kira ni da sadik, wato aboki da Larabcin can, ya ce, "Sadik, yaya sunan 'yar taka?"

Na ce ba ta da suna tukuna, na kuma yi masa bayani da alfahari, kamar wanda ya ci yaƙi.

Ya ajiye kofinsa. Ya ce bikin da na yi wa dariya daga gidajensu aka ɗauko shi, don haka suke yi wa 'ya'yansu: a tara dangi da maƙwabta, kowa ya ji sunan jariri, kowa ya san an ƙaru. Ya ce a kan dutse, birin da ke da suna, in ya yi tari an san wane ne ya yi, in ba a gan shi da safe ba sai a bazama nemansa. "Wanda ba shi da suna kuwa, sai dai a ce ɗaya daga ciki. Mu ko biri ba ma bari haka. Kai kana so a bar 'yarka haka don kawai ba ka nan? Khalas, shi ke nan, sadik, sunan nata ne, ba naka ba."

Na harzuƙa. Na ce kada ya sake ya haɗa 'yata da biri. Ya ce bai haɗa ba, ni ne dai na ajiye ta ƙasa da su. Na tashi na bar masa shayin. Na zaga bayan ginin sau biyu. Abin da ya riƙa zuwa mini shi ne, yau kwana shida matata tana karɓar 'yan barka, kowa yana tambaya, ita kuma tana sunkuyar da kai saboda taurin kaina. Kunya ta kama ni sosai.

Washegari da hantsi na kira Baffa na ba shi haƙuri. Na roƙi abu ɗaya: a kara waya a kunnen yarinyar. Ya ce bai taɓa ganin an yi haka ba, amma bai ga laifinsa ba. Na yi alwala, na fita tsakar fili inda layi ya fi kyau, na tsaya a rana. Ina jin numfashinta ƙasa-ƙasa. Na yi kiran salla a hankali, sannan na faɗa mata sunanta, sunan mahaifiyata marigayiya. Baffa ya karɓi wayar ya sanar wa jama'a, na ji ana fatiha, daga cikin gida kuma wata ta rangaɗa guɗa.

Da na koma ɗaki, mutumin Ruwanda ya tare ni da murmushi. "Yalla, maza faɗa mini sunan."

Na ce ba zan iya ba. A wurinmu uba ba ya kiran sunan 'yar fari, balle kuma sunan uwarsa ne. Ya dube ni, ya fashe da dariyar da ban taɓa ji ya yi ba. "Duk wannan rigimar a kan sunan da ba za ka sake faɗa ba?" Na ce ƙwarai kuwa, kuma da za a maimaita, wannan ɓangaren ba zan saki ba.

Ban samu hutu ba sai da aka gama gasar, baƙi suka watse. Na tarar da ita tana gudu a tsakar gida. Kakarta ta wajen uwa ta kira ta da cikakken sunan, ta waiwaya nan take, ta amsa. Ni dai na tsaya a bakin zaure da jaka a hannu, bakina a rufe, ina kallon yadda sunan ya zauna mata.