Ƙwai a Cikin Ruwan Soda

Wahala ce, ba wani abu ba. Duk wanda ya ce maka dafa sabulu sana'a ce mai sauƙi, bai taɓa tsayawa a kan rabin durom yana juya man alayyadi da rana tsaka ba. Hayaƙi ya cika maka ido, soda ta ci maka hannu, kayanka su yi ta ƙauri har a masallaci mutum ya ɗan ja jikinsa. Na yi ta tun ina saurayi har furfura ta fito mini, kuma ban taɓa zama mai sana'ar ba. Ta Inna ce, mahaifiyata. Ni mai faskare ne, mai juyawa, mai kai kaya kasuwa. Ita ke awo, ita ke yanka.

Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. "Kai" take ce mini. In ta ji daɗi ta ce, "wannan bawan Allah."

Awonta ɗaya ne tun muna tsohon Zongo, cikin garin Lome: gwangwanin madara na soda, bokitin ƙarfe na ruwa, sai kwanon mai. Ba ta taɓa kuskure ba. Tukunya guda takan cika mana akwatunan katako duka, washegari sabulu ya daskare, ta ɗauko wayarta ta yanka.

Bayan an tashe mu an kawo mu sabon Zongo, can bayan gari wajen Agoè, sai abu ya lalace. Wurin fadama ne. In damina ta sauka, daɓen ɗaki har gumi yake yi. Muka ci gaba da aiki yadda muka saba, amma sabulun da ke daskarewa ya ragu, mai yana ta yawo a samansa. Wanda ya kama jiki ma laushi gare shi, kuma ba ya daɗewa yake soma wari. Wata mai wanki, Mina, da ta daɗe tana saye a wurinmu, ta dawo da shi a leda.

"Mama Zongo," in ji ta, da 'yar Hausarta, "wannan na wanka ne ko na shafawa?"

Inna ta yi dariya a gabanta. Da ta tafi, ba ta ci abinci ba.

A lokacin mai ba ya yi mana wuya, don akwai wani surukinmu da ke kawo shi daga ƙauye. Inna ta ce tunda sabulu ya ragu, a ƙara mai. Aka ƙara. Sabulun bai ƙaru ko da yatsa ba, sai man da ke yawo ne ya ƙaru. Aka sake ƙarawa, haka dai. Ran nan ta tsaya a kan durom ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗaga hannunta na dama ta juya shi gaba da baya.

"Hannuna ya mutu," ta ce.

A wajen masu dafa sabulu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sun yarda albarkar tukunya a hannun mai awo take, in ta tafi kuma ba ta dawowa. Inna ta rataye gwangwaninta da wayarta a ƙusa, ta shiga ɗaki ta kwanta tana fuskantar bango. Koko kaɗai take kurɓa. Har ta fara tambayata ko likkafanin da ta ajiye yana nan a akwati. Na karɓo mata rubutu, ta sha don kada ta ba ni kunya, ta koma ta kwanta. Na san uwata. In ba ta koma kan tukunyar nan ba, ba za ta ga wata damina ba.

Akwai wata malama da ke haya a ɗakin da ke kusa da namu. Haifaffiyar Lome ce, kakanninta daga Nijeriya suka zo, tana koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Wata rana an jera malamai a bakin titi da ɗalibansu tun safe, suna rawa da tafi don babban mutum zai wuce. Ta dawo da la'asar cikin atamfar jam'iyya, takalmi a hannu, ta tarar da ni ina kwashe mai daga kan tukunyar da na gwada ni kaɗai.

"Yaya, miya kake yi ko sabulu?"

"Malama, yau ba na son wasa."

Ta ajiye takalmin, ta ce in nuna mata sodar. Na jawo buhun daga lungun ɗaki. Gindinsa jiƙe yake sharkaf, sodar ta dunƙule, ta yi wani farin ɓawo. Ta taɓa ta da tsinke, ta girgiza kai.

"Wannan ta sha ruwa ta sha iska. Gwangwanin yana cika, amma ba duka ne soda ba."

Na ce to ai mun ƙara mai.

"Ka taɓa ganin rawar da ake sa mu yi?" in ji ta. "Biyu-biyu ake kamawa. In maza kaɗan suka zo, ko ka kwaso duk matan Lome ka zuba a filin, masu rawar ba za su ƙaru ba. Sauran sai su tsaya gefe suna tafi, kamar ni yau. Man nan da kake kwashewa, 'yan tafi ne. Wanda ya fi ƙaranci a tukunya shi ke faɗin yawan sabulun da za a samu."

"Wato in na ƙara soda komai zai zama sabulu?"

"Kusan komai. Wani zai manne a durom, wani ya bi kumfa. Ko a makaranta ba ma samun duk abin da lissafi ya ce. Amma kada ka zuba da ka, in ta yi yawa fatar mutane za ta ci. Da muna da ma'aunin ƙarfinta..."

Daga cikin ɗaki muka ji muryar Inna.

"Ƙwai."

Muka juya wajen ƙofar.

"Kai! Kurma ne? Na ce ka kawo ƙwai, na yau."

Na karɓo a maƙwabta. Kafin in dawo Inna ta fito, tana dafe da bango, ɗankwali a karkace. Ta ce lokacin da take yarinya a arewa, da ruwan toka suke dafawa, kuma toka ba ta da tabbas, sai an jefa ƙwai. In ya nutse, ruwan bai yi ƙarfi ba. In ya taso ya nuna ɗan kansa, ya yi. Da sodar kanti ta zo, kullum ƙarfinta ɗaya, sai ta bar gwajin har ta manta da shi.

Ta jiƙa gwangwani ɗaya na soda a bokiti kamar kullum, aka bari ya huce, ta saki ƙwan. Ya tafi ƙasa kamar dutse. Ta daɗe tana leƙensa.

"Ashe ba ni ba ce," ta ce a hankali.

"Inna, hannunki lafiya lau," in ji Malama. "Ɗakinku ne ke yoyo ta ƙasa."

Inna ta riƙa ƙara soda kaɗan-kaɗan tana motsawa, har ƙwan ya taso ya leƙo. Ta auna mai daidai yadda take yi a da, ba ƙari. Na hura wuta na yi ta juyawa, ita tana zaune a kujera tana yi mini faɗa wai ina juyi kamar mai jin yunwa. Kafin magariba muka zuba a akwatuna. Ta ci tuwo ranar, har ta nemi ƙarin miya.

Da safe, da na dawo daga masallaci, na danna babban yatsana a kan akwatin farko. Bai shiga ba. Na zagaya sauran, duk haka, babu ɗigon mai a sama. Na kwashe sodar na zuba a jarka mai murfi, na ɗora ta a kan bulo nesa da ƙasa. Sannan na ciro wayar yankan daga ƙusa, na goge tsatsar da ta fara yi, na ajiye mata a bakin ƙofa kusa da butarta, na tafi faskare.