Musun Ƙwallon Kwando Zai Ja Mini Asarar Masara

Muna tsakiyar gayya a Badafi musu ya kaure kan wani ɗan ƙwallon kwando da ake so a ba kyautar gwarzon shekara. Abokina Sale ya ce ya cancanta, tunda ya fi kowa ci.

Na ce, "Ba ya ba kowa ƙwallo. Kamar kai ne, ka gama kuyyarka ka koma inuwa."

Sale ya saɓa fartanya ya ce, "To, gobe a nome taka ba ni."

Goben gayyar gonata ce. Ciyawa na neman cinye masarata, kuma babu mai saurin Sale. Tun la'asar nake kiransa a waya, bai ɗaga ba.

Jama'a, in na ce ɗan wasan ya cancanta, lallashi ne ko gaskiya na gano?