Hannun da Ya Ƙone a Teburin Shayi

Shekarar da aka tura ni koyarwa garin Isa, damina ta biyu ke nan a jere ruwa yana ɗaukewa gero na tsaka da fitar da kai. Ni gwauro ne a lokacin, ban iya ko hura wuta ba, saboda haka karin kumallona kullum a teburin wani mai shayi yake, bakin tashar motocin Sakkwato. Mutum ne mai tumbi da barkwanci, amma in zai zuba maka madara sai ka ce jininsa yake tsiyayawa.

Wanda ke bayan teburin, yana hura wuta, yana ɗora garwar ruwa, yana wanke kofuna, wani dattijon Bafillace ne daga wajen Burkusuma. Fari ya cinye masa shanu kakaf, ya sauko da iyalinsa gefen gari. Abin da ya samu a teburin nan ranar, shi za a ci a gidansa ranar. Amma in ka kuskura ka kira shi ma'aikacin mai shayi, sai ya miƙe tsaye ya gyara maka zance. Shi makiyayi ne, abokinsa kawai yake tayawa kafin ya koma daji. Mukan ce to, mu ɓoye dariyarmu cikin kofi.

Wata safiya ranar kasuwa, mariƙin garwar ya tsinke yana sauke ta. Tafasasshen ruwa ya wanke masa hannun dama har gwiwa. Mu da ke kan benci muka yi ta salati, shi kuwa sai ma ya sunkuya zai ɗauki murfin. Da ƙyar muka kai shi ɗakin shan magani. Aka naɗe hannun, aka ce kada ya taɓa komai sai fata ta fito, wata biyu ko fiye. Na dubi fuskarsa, na san ba zafin yake tunani ba, tukunyar gidansa ce.

Nan fa bokona ya motsa. Na taɓa jin akwai dokar da ta ce wanda ya ji rauni a bakin aiki, ubangidansa ne zai biya shi diyya. Ban san ko dokar ta san da teburin shayi ba, amma raina ya ɓaci, don na ga mai teburin ya fara zancen ƙaddara. Na zauna na cika takarda da Turanci mai nauyi, na ce Sakkwato za ta je. Saura kawai dattijon ya dangwala yatsa.

Ya ce in karanta masa tukuna. Ina kaiwa inda na rubuta cewa shi ɗan aikin wane ne, sai ya janye hannunsa mai lafiya ya cusa cikin riga.

"Malam, ni ba ɗan aikin kowa na ba. Tanyo nika yi."

Na yi bayani har muryata ta dushe. Na ce in ba ɗan aiki ba ne, ba shi da hakkin ko allura. Ya ce to ba shi da shi. Wallahi na ji kamar in shaƙe shi, kuma na ji tausayinsa ya cika ni.

Maganar ta kai ga sarkin masu shayin tashar, wani tsoho da ya fi kowa daɗewa a sana'ar. Su ma ashe suna da tasu ƙa'idar ba takarda: wanda wuta ko ruwan zafi ya taɓa a bakin aiki, magani da cin gidansa suna wuyan mai tebur har ya warke. Tsohon ya tambayi dattijon sau biyu ko ɗan aiki ne, sau biyu ya ce a'a. Kowa ya juya ya dubi mai tumbi, don ga ƙofa an buɗe masa, ficewa kawai zai yi.

Ya sosa ƙeya, ya dubi naɗaɗɗen hannun, ya yi tsaki.

"To, tunda tanyo na shika yi, ni ma za ni tanya mai. Ba diyya ta ba, kowa shi shaida."

Dattijon ya ce taimakon aboki ba a mayar da shi.

Haka aka yi. Kullum tiyar gero tana tafiya gidansa, magani kuma mai tebur ke saye yana mita. Shi kuwa dattijon ya dawo kan bencinmu ya zama babban baƙo, yana kurɓar shayi da hagu, yana yi wa mai tumbi gyara, wai wutar ta yi yawa, wai madarar ta yi kaɗan. Ba mu taɓa shan shayi mai kauri irin na watannin nan ba.

Da hannun ya warke, fatar ta fito fara-fara, ya koma bayan tebur. Gero ya daina zuwa, ba sauran abin da zai samu. Safiyar farko ya miƙo mini kofina da hannun daman, ya rage murya yadda mai teburin ba zai ji ba.

"Malam, takardar nan taka tana nan? Yanzu kana iya rubutawa. Ni ɗan aikinai na."