Kalmar da Ba Ta Ceci Sadi Ba

Ku sababbin zuwa, akwai ranar da har yau ta ƙi fita a raina, ranar da na rubuta sunan Sadi a littafin get.

Lokacin ina sikiriti a yadin wani kamfanin 'yan Holan a unguwar masana'antu ta Sanaiya, masu cike teku da yashi. Da yamma ina zuwa kwas, ji nake ni ne ɗan boko. Dokar get ɗaya ce: duk faɗan da ka gani ka rubuta, rahoto ya tafi wurin kafil, wato mai ɗaukar nauyin zamanka a ƙasar, a soke biza. Khalas, shi ke nan.

Wata Lahadi injiniyoyi biyu Turawa suka cakumi juna a kan zanen aiki, har hular kwano ta faɗi. Na ɗauko biro. Manaja ya yi dariya ya ce in ajiye, wannan “bakkeleien” ne kawai, wato 'yar cacar baki a yarensu na Holan. Kalmar ta burge ni, nan take na tura wa gayu a tes ɗin waya.

Agus, kukunmu ɗan Indonesiya, da ya ji ina ta maimaita ta sai ya taɓe baki. Ya ce tasu ce, “berkelahi” a yaren Malay, yin faɗa. 'Yan Holan sun kwaso ta ne zamanin da suka mulki ƙasarsu.

Ranar Laraba da azahar, Sadi direba, ɗan ɗakinmu, ya riƙe rigar wani ɗan Nepal a layin ruwan sanyi. Ko mari ba a yi ba. Manaja na tsaye.

Na ce, “Oga, ai wannan ma bakkeleien ne.”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Rubuta. Doka doka ce.”

Sadi ya ce, “Baaba, matata ta kusa haihuwa fa. Rubuta shirme kawai, yadda ba za a gane ba.”

Ni kuwa hannuna ya saba, na rangaɗa Turanci tsaf, har da lokaci. Kafin sati ya zagayo shi da ɗan Nepal ɗin suna jirgin komawa gida.

Abin da na koya ke nan: a aikin nan sai an duba fasfo kafin a raɗa wa faɗa suna. Kwas ɗin na gama shi, har na ci. Sadi dai bai sake ɗaga wayata ba.