Maganin da Na Hana Mama

Lokacin da aka turo ni koyarwa Kafanchan, hankulan mutane ba su gama kwanciya ba bayan tashin hankalin da aka yi a garin. Ana gaisawa a kasuwa, amma gaisuwar ba ta wuce fatar baki. Ni kuwa baƙo ne, gwauro, ban san kowa ba, kuma ban samu ɗakin haya a unguwar Musulmi ba sai a gidan wata tsohuwa Kirista, can bayan layin dogo. Abokan aikina suka ce in sake wuri. Na ce to, ban kuwa sake ba, domin ni mutum ne mai taurin kai, ɗakin kuma yana da taga mai daɗin karatu.

Mama nake ce mata, ita kuma takan ce mini Ticha. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse, babbar tana aure a Godogodo. Sana'arta citta. A kawo mata buhu daga Kachia, ta zauna tsakar gida da 'yar wuƙa tana tsagawa tana shanyawa, har rigunana suka ɗauki ƙamshin, ɗalibai suna tsokanata wai mai shayi ya shigo aji.

Da ta lura burodi da ruwan bunu ne abincina safe da yamma, sai ta je kasuwa ta sayo sabuwar tukunya, ta kira ni ta nuna mini ita tun ba a ɗora ta a wuta ba.

"Wannan naka ne, Ticha. Ba abin da za shiga ciki sai naman mahaucin ku."

Ta kafa mata ƙusa daban a bangon madafa. A cikinta take yi mini gwaten acca, ta ajiye a bakin ƙofata, ta koma kan cittarta, ni in zauna a kujera 'yar tsugune ina ci tana ba ni labarin wanda ya yi waƙa ba daidai ba a majami'a ranar Lahadi. Duk faɗin garin nan ba wanda ya san ko na ci ko ban ci ba sai ita. Na faɗi wannan ne don a san abin da nake riƙe da shi.

Da damina idanuna suka kama ciwo. Suka yi ja, suna zugi, haske kamar ana soka mini allura. Na ɗauka apolo ne, amma a asibiti likita ya ce kumburi ne daga ciki, ya rubuta mini magunguna, cikinsu har da wata 'yar kwalba da ba ta kai babban yatsa ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta miƙo mini ita mace ce marar wasa. Ta ce wannan zai buɗe baƙin tsakiyar idon ne domin ya huta, saboda haka zan daina ganin rubutu na wani lokaci, rana kuma za ta dame ni, in nemi inuwa, kada in hau keke. In wanke hannu kafin in ɗiga, kada bakin kwalbar ya taɓa ido ko yatsa, in na ɗiga in danne gefen idon ta wajen hanci na ɗan lokaci don kada maganin ya gangara maƙogwaro. Sai ta riƙe kwalbar ba ta sake mini ba, ta dube ni, ta ce ta san halinmu, magani ɗaya unguwa guda. Wannan ba na rabo ba ne. Yaro in ya sha zai iya mutuwa, tsoho kuma akwai wanda hanyar ruwan idonsa a matse take, ɗigo ɗaya ya toshe ta, kafin a ankara ido ya tafi har abada. Sai da na ce na ji sannan ta sake.

Ban san littafi ne abokin hirata ba sai da aka raba ni da shi. In buɗe shafi, sai in ga kamar tururuwa ta faɗa ruwa. Na dubi madubi na ga idanuna sun zama baƙi wuluk irin na kyanwa, ni kaina na tsorata. Makaranta ta ba ni hutu. Na rufe tagar da na ƙi barin gidan saboda ita, na zauna a duhu ina sauraron kukan jirgin ƙasa yana shigowa tasha yana fita da mutanen da ake jira a wani wuri. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai, har na riƙa gyaran murya don in ji motsin mutum a ɗakin. Ba wanda ya zo duba ni daga makaranta, wai unguwar tana musu nisa.

Mama ce ta ciro malafar mijinta daga bayan ƙofa, ta kakkaɓe, ta kifa mini a ka don in iya fitowa. Kullum da safe a gabanta nake saka maganin: in wanke hannu da sabulu a bakin rariya, in ɗaga kai, in riƙe kwalbar nesa da ido, in ɗiga, in rufe ta da sauri, in sake wanke hannu. Tana kallo, wuƙa a hannu. Ban taɓa tunanin abin da take gani ba.

Da jan idona ya fara washewa, nata ya tashi. Yajin citta ne ko apolon da ke yawo, ban sani ba. Wata safiya, na gama ɗigawa ke nan, ta matso da kujerarta ta ɗaga fuska sama, ta buɗe idon da yatsa biyu, ba ta ma tambaya ba. A gidan nan ba a roƙon gishiri ko garwashi ko magani, ɗauka ake yi. Ƙwayar zazzaɓin da ta ba ni kwanakin baya ma ragowar ta maƙwabciya ce.

Na ce mata ba zan saka mata ba. Na yi bayani iyakar iyawata: ciwona daban, nata daban, wannan yana iya makantar da tsoho, ta shirya in raka ta asibiti yanzun nan. Ta ce asibitin da mijinta ya shiga da ƙafarsa aka fito da shi a akwati? Ta ce ja ja ne, ido ido ne, ga nawa ya warke a gabanta. Na maimaita, ta maimaita. Ni kuma dama ba a san ni da haƙuri ba, muryata ta fara hawa.

Sai ta sauke fuskarta, ta dubi kwalbar, ta dubi hannuna da bai gama bushewa ba, ta yi magana a hankali.

"Na gane, Ticha. Ka ɗiga daga nesa, kamar yadda kana yi. Ba za ya taɓa ni ba. In ka gama ka wanke hannu."

Sai a lokacin na fahimta. Duk wanke-wanken hannun nan da kaffa-kaffa da bakin kwalba, ita alwala ta ɗauke su. A ganinta ƙyamar jikinta nake yi, ita da ta ware mini tukunya don kada in yi ƙyamar abincinta. Na rantse mata da Allah ba haka ba ne. Amma a shekarun nan rantsuwa ta yi araha a garin, kowa ya sha jin ta daga bakin maƙwabcinsa.

Na ji kamar in ɗiga mata a wuce wurin. Ɗigo ɗaya, in sayi zaman lafiya da gwaten acca da hirar yamma. Hannuna har ya kai kan murfin. Na tuna matar da ta riƙe kwalba ta ƙi saki, na mayar da kwalbar aljihu, na shiga ɗaki na kulle ta a akwati.

Da yamma na tarar da tukunyar a bakin ƙofata, an wanke ta tas, an kife.

Na koma wa burodi. Muna gida ɗaya, in gaishe ta ta amsa, shi ke nan. Na roƙi ma'aikaciyar jinyar ta zo ta yi mata bayani da bakinta, ta ce layin da ke gabanta bai bar ta ta sha ruwa ba ma, in kawo tsohuwar. Tsohuwa kuwa ta ƙi. Jan idonta ya yi kwanakinsa ya wuce da kansa, idanuna suka koma daidai, rubutu ya dawo, na buɗe taga. Na mayar mata da malafar, ta nuna mini bayan ƙofa da haɓa.

Bayan kaka 'yarta ta zo ta tafi da ita Godogodo, aka sa wani ɗan'uwansu a gidan. Ni ma ban daɗe ba aka sauya mini wurin aiki. Tukunyar tana cikin kayana, har yau ban dafa komai a ciki ba.

Sau ɗaya na sake ganinta, bayan wasu shekaru, motarmu ta tsaya a Godogodo ranar kasuwa. Tana zaune can ƙarshen layin masu citta, ta ƙara tsufa, tana zare wa wata mata ƙaya daga tafin hannu da allura, ba ko tabarau. Na sauko na nufe ta. Tsakaninmu da nisa, ga cunkoso, amma ta ɗago ta tsinto ni a cikin mutane, ta gane ni sarai, ta kau da kai.

Na tsaya nan har direba ya gaji da danna oda. Idanunta biyu lafiya lau suke, da su ta ƙi kallona.