Maman Joel Mai Aro

A Tirwun kowa ya san Juliana, wadda muke kira Maman Joel, da abu biyu: masa mai laushi da jarabar aro. Daga Bogoro ta zo da mijinta, ya rasu ya bar ta da tanda da kaifin baki. Ba abin da ta rasa a ɗakinta, amma ba gidan da ba ta shiga aron ludayi ko rariya ba. Sai daga baya muka lura ba ta tashi aro sai ta jiyo kukan mace ta katanga. Namiji kuwa, komai zafin hannunsa, ba ya iya ci gaba da duka ana tambayarsa rariya.

Da unguwa ta kafa kwamitin kare mata, ba a sa ta ba. Maza ne zalla, da liman da fasto da mai kemis. Aka ɗinka riguna iri ɗaya, aka raba muƙamai har da mataimakin mai tsawatarwa.

Ranar da Bakari mai faci ya rufe matarsa A'i da duka da rana tsaka, kwamiti ya iso cikin rigunansa. Sai ga "BA SHIGA" an rubuta da gawayi a ƙofar gida. Dattawa suka ja birki, tunda namiji ba ya faɗa wa gidan matan aure. Suka jeru suna ta rafka sallama, A'i na ihu a ciki. Ina kallo daga shagona, takaici kamar ya kashe ni.

Maman Joel ta ratsa su, hannu duk ƙullu, matan layi na biye da ita, masu hijabi da masu ɗankwali. Bakari ya sauke hannu yana haki, ya tambaya yau kuma me za a ara.

"A'i na zo aro, Malam Bakari," in ji ta. "Ran da ka koyi riƙon mutum, ka zo ka karɓa."

Suka fito da ita a tsakiyarsu sai asibiti. Kwamiti ya rufa musu baya, shugaba na cewa ai dama tsarin ke nan.

Yanzu A'i na zaune wurin Maman Joel, ita ke juya mata masa a tanda. Bakari ya yi biko har ya gaji, kwamitin ma ya sa baki, wai ta yi haƙuri, zaman aure ya gaji haka. A'i ba ta musu da manya. Gyara zama take yi, ta juya musu kunnen hagu, wanda likita ya ce marin ranar ya kashe shi.