Baffan da ya zo a kan babur

Shekarun baya, lokacin ina sayen tufafi a kasuwar Shahe ta birnin Guangzhou a ƙasar Sin ina turawa Kano, na mallaki wani tsohon babur. A Nansha, can bayan gari, nake ajiye shi, wurin abokina mai harkar kwantena, saboda ba a yarda da babur a cikin Guangzhou ba. In kasuwa ta yi sanyi sai in hau abina in bi gefen teku, in leƙa mutanenmu da ke warwatse a ƙananan garuruwa. Ɗan acaɓan ƙasar Sin suke ce mini, ban kuma taɓa musawa ba.

Wata rana wani abokina ya kira ni. Unguwarmu ɗaya da shi a gida, amma ya auri 'yar ƙasar ya koma garinsu, wani ƙauyen masunta kusa da Yangjiang. Matarsa ce ta haihu, namiji. Ina cikin yi masa barka na ji muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce mahaifiyarsa ta dame shi a waya da tambayar wanda zai tsaya masa ranar suna, shi kuma ya ce mata akwai mutane, alhali babu Bahaushe ko ɗaya a garin sai shi.

"Ba na son in raɗa wa yaron nan suna ni kaɗai a ɗaki," in ji shi.

Na ce ya kwantar da hankalinsa, zan zo, kuma da jama'a zan taho. Bakina dai ya riga hankalina.

Na fara da mai kwantena. Ya ce wallahi ana tsakiyar lodi, in ya ɗaga ƙafa kaya za su bi wani jirgin. Ya buɗe firji ya ciro goron da yake ɓoye wa kowa, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ya ce in kai. A Jiangmen na yada zango wurin wani abokinmu mutumin Damagaram, mai sayen kayan gyaran babur. Shi nake taƙama da shi, domin shi ne mai karatu a cikinmu. Na tarar baƙi sun sauka masa daga Yamai, ba halin motsi. Na ci tuwo na ƙoshi, matarsa ta ƙulla yaji da garin kunu na mai jego, shi kuma ya ƙara da dabino. Sannan ya zaunar da ni yana biya mini yadda ake addu'ar suna, yana gyara ni kamar ɗan aji ɗaya.

Washegari na kama hanya ni kaɗai, babur ya yi tuli da ƙullin kaya kamar amalanke. Teku na hagu, ƙamshin busasshen kifi na dukan hanci, ƙananan jirage na ta kai da kawowa. Ba ƙaramin daɗi hanyar ta yi mini ba, sai dai duk sanda na tuna alkawarin jama'a sai in ji kamar in juya. Ruwan sama ya tare ni a wani ƙauye, na fake a rumfar wata tsohuwa. Ta ba ni shayi mai zafi, ni kuma na ɓare mata goro. Ta gatsa, ta tofar, ta dube ni kamar na cuce ta, sannan ta ƙara mini shayi.

Da na isa, abokina na tsaye a bakin hanya. Muka gaisa, amma idonsa na bayana yana duban titi.

"Ina sauran?"

Na nuna masa kayan da ke kan babur, na ce ga su nan a ƙulle. Ya yi dariya har ya share ido, ni kuwa kunya ta hana ni tambayar ko dariyar ce ta kawo hawayen.

Rago dai babu shi a garin, sai surukinsa ya samo bunsuru. Ni da ban taɓa yanka abin da ya wuce kaza ba, ni aka miƙa wa wuƙa. Maƙwabta masunta suka jeru a kan kujeru, aka raba musu dabino, goro kuwa suka riƙe a hannu don ladabi. Na yi addu'ar, na tsallake wani wuri na dawo na gyara, babu wanda ya gane sai uban yaro.

Muna shafawa mahaifiyar abokina ta kira, fuskarta ta cika wayar. Ba ta tambayi sunan ba tukuna, sai ta ce, "Wa ya tsaya maka?"

Ya juyo da wayar wajena. "Ga baffansa nan, Hajiya. Tun daga Guangzhou ya taho a kan babur."

Ta ƙura mini ido, ta tambaya ko ni ne yaron nan da ya taɓa afkawa kwata da babur ɗin babansa. Na ce ni ne. Ta daɗe tana sa mini albarka, har na sunkuyar da kai.

A da ina ɗauka zuwan mutum ɗaya ba ya cika taro, har na kusa juyawa daga Jiangmen don kunya. Yanzu in aka gayyace ni, ko ni kaɗai ne ina tafiya. Babur ɗin na sayar tuni, na dawo gida. Yaron kuwa ya shiga makaranta, Hausarsa ba ta da yawa, amma duk sallah sai ya karɓi wayar babansa ya ce, "Baffa, yaushe za ka zo?"